Shuka Tamu Ce, Tsiro na Allah Ne

Akwai tambayar da ba ta barin Kiristan da ke zaune tsakanin mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Ga maƙwabcinka, katangarku ɗaya, famfonku ɗaya. In an yi haihuwa a gidansa kai ne na farkon zuwa barka, in an yi rasuwa a gidanka shi ke shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Kai kana da abin da ka ba da gaskiya gare shi, kana ganin hanyar rai ce. Shi ma yana da nasa, bai kuma ɗauke shi da wasa ba. To, me ya wajaba a kanka? In ka yi shiru har mutuwa ta raba ku, zuciyarka za ta ce ka yi masa rowa. In ka matsa masa da magana, ka shiga haƙƙinsa, wataƙila ma ka ɓata zumuncin shekara da shekaru.

A nan Nijar wannan tambaya ta kullum ce. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan ƙasa ba. Ke nan kusan duk wanda za ka yi hulɗa da shi daga safiya zuwa dare, mai kabu-kabu, mai shago, abokin aiki, wani lokaci har ɗan'uwanka na jini, Musulmi ne. Ni kuma aikina gabatar da shirye-shirye ne a gidan rediyo, da magana nake cin abinci, saboda haka na daɗe ina tunanin iyakar abin da magana za ta iya yi a zuciyar mutum, da iyakar abin da ya halatta a nema da ita. Inda na samu haske shi ne cikin misalan da Yesu Almasihu ya bayar a kan Mulkin Allah, musamman na babi na 13 na Matiyu da babi na 4 na Markus. Abin da na fahimta a cikinsu shi ne an ɗora mana shuka, amma ba a ba mu iko a kan tsiro ba, kuma yawancin ɓarnar da ake yi da sunan wa'azi tana farawa ne ranar da mai shuka ya manta da wannan iyaka.

Kafin mu shiga misalan, ya kamata mu tuna inda aka faɗe su. A bakin Tekun Galili ne, wanda a gaskiya tafki ne na ruwan daɗi. Taro ya yi yawa har Yesu ya shiga jirgin ruwa ya zauna, mutane suna tsaye a gaɓa. Manoma ne da masunta da ƴan ƙwadago, suna ƙarƙashin daular Rum, Hirudus Antibas yana sarautar yankinsu da izinin Kaisar, haraji ya yi musu katutu. Irin waɗannan mutane in aka ce musu Mulkin Allah ya kusa, abin da zai zo musu a rai shi ne dawaki da takubba da ranar da za a kori sojan baƙi. Sai ga mai maganar ya kawo musu manomi da jakar iri, da mace mai kwaɓa gari, da wata ƴar ƙwaya da ba ta kai ta gero ba.

Mai yafa iri

A wajenmu shuka aiki ne na lissafi. Wani yana gaba da sungumi yana sara, wani yana biye yana jefa ƴan ƙwayoyi a rami yana rufewa da diddige. Ba wanda zai zuba gero a kan hanya. Manomin Galili kuwa alkama da sha'ir yake shukawa, kuma yafa su ake yi da hannu, kamar yadda ake yafa shinkafa a fadama. Hanyoyin ƙafa suna ratsa gonaki, a wasu wurare ƙasar ƴar shafa ce kawai a kan dutse, a gefe kuma akwai saiwoyin ƙaya da ba a ganinsu sai ruwa ya sauka. Shi ya sa irin da ke cikin misalin ya faɗa wuri huɗu. Na kan hanya tsuntsaye suka tsince. Na kan dutse ya yi saurin fitowa, da rana ta ƙwalle ya bushe don ba shi da saiwa. Na cikin ƙaya ya tashi, ƙaya ta fi ƙarfinsa. Wanda ya samu ƙasa mai kyau ya ba da riɓi 30, wani 60, wani 100. Riɓi 100 ba ƙaramin abu ba ne a kunnen masu sauraron, domin irin wannan girbi ne Littafin Farawa, babi na 26, ya ce Ishaku ya samu, aka kuma lissafta shi cikin albarkar Ubangiji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Yesu ya sa hasara a cikin labarin tun daga farko. Bai ce in mai shuka ya ƙware, ko ya ɗaga murya, ko ya yawaita azumi, kowace ƙwaya za ta tsira ba. Iri ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma wuri uku cikin huɗu ba su ba da kome ba. Ke nan in ka faɗa wa mutum abin da ka gaskata ya ce a'a, ba wani abin mamaki da ya faru, ba kuma wanda ya ci mutuncin wani. Ba mu ji mai shukar ya tsaya yana zagin hanya ko yana jifan tsuntsaye ba. Yesu da kansa haka ya yi. Markus ya ba da labarin wani mai dukiya da ya zo da tambaya a kan rai madawwami, ya ji amsa ta yi masa nauyi, ya juya ya tafi, Yesu bai bi shi da rangwame ba, bai kuma bi shi da barazana ba. A babi na 9 na Luka, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da shi, Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.

Aikin rediyo ya ƙara buɗe mini wannan misali. Har kalmar ma ɗaya ce, ana watsa iri, ana watsa shiri. In na zauna a ɗakin gabatarwa aka kunna jar fitila, ban san wa ke saurare ba. Wataƙila direba ne a tashar mota, hankalinsa na kan fasinja. Wataƙila wata ce tana surfe, tana jin rabi tana rasa rabi. Wataƙila makiyayi ne a daji da rediyo rataye a kafaɗa, wanda zai riƙe kowace kalma har shekara ta zagayo. Kowannensu kuma yana da ikon da ba ni da shi, ya murɗa ya koma wata tasha, ko ya kashe gaba ɗaya. Wannan ikon nasa ne ya sa maganata ta zama gayyata. Ina ganin ma'auni ne mai kyau ga duk mai shaidar bangaskiyarsa: wanda kake yi wa magana, zai iya cewa ya isa, ya tashi ya tafi, ba tare da ya rasa aikinsa, ko maganinsa, ko abincinsa, ko abotarka ba? In ba zai iya ba, abin da kake yi ya tashi daga shuka ya koma wani abu dabam.

Ƙasa da kanta

Akwai wani ɗan gajeren misali da Markus kaɗai ya rubuta, a babi na 4, aya 26 zuwa 29. Mutum ya yafa iri, ya koma harkokinsa, yana kwana yana tashi, iri yana tsiro yana girma, shi kuwa bai san ta yaya ba. Ƙasa ce ke yin aikin da kanta, daga ganye zuwa zangarniya zuwa ƙosasshiyar ƙwaya, sai lokacin girbi mutumin ya sake fitowa da laujensa. Kalmar Helenancin da Markus ya yi amfani da ita a nan ita ce tushen kalmar da muke ji yau, otomatik. Manomanmu sun san wannan da kyau, musamman masu yin binne. Mutum ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya rufe, ya koma gida. Daga nan ba abin da ya rage masa sai duban gabas. In ya riƙa komawa yana tone ramin don ya ga ko ya tsira, shi da kansa zai kashe shi. Zafin nema ba ya kawo samu. Manzo Bulus ma da wannan ya raba gardamar masu bi na Korinti, lokacin da suka rabu wasu na bayansa wasu na bayan Afolos. Ya tuna musu ɗaya ya dasa ne, ɗaya ya yi ban ruwa, girma kuwa daga Allah yake.

Wanda bai yarda da wannan ba yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Na farko shi ne ƙidaya. A yi taron wa'azi, a ce duk wanda ya yarda ya ɗaga hannu, a ƙirga, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto a aika wa masu ba da tallafi. Mutum mai suna da iyali da tarihi ya koma lamba a takarda. Wanda ya ɗaga hannu don kunya, ko don na kusa da shi ya ɗaga, shi ne irin nan na kan dutse, bayan wata biyu ba wanda ya san inda yake, ba kuma wanda ya tambaya, tunda an riga an lissafa shi. Rami na biyu shi ne saye, kuma ya fi muni, domin da talaucin mutum ake kama shi. Buhun hatsi, kuɗin makaranta, magani, alkawarin aiki, duk abubuwa ne masu kyau, amma in aka rataya su a ƙugiya sun zama koto. A babi na 6 na Yahaya, bayan an ciyar da mutum dubu biyar, taron ya bi Yesu har hayin teku. Ya faɗa musu a fili cewa ƙoshin jiya ne ya kawo su, ya ci gaba da koyarwa mai wuya, da yawa suka watse, bai kuma sake raba gurasa don ya tsayar da su ba.

Akwai wani labari na ƙasarmu da nake tunawa a nan. Labarin itatuwa ne, amma darasinsa ya dace. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo aiki da mishan ɗin SIM a jihar Maraɗi, ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirrai da ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe toho ne na kututturan itatuwa da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa aka bar su, aka rage sauran, itace zai dawo. Wannan shi ne abin da aka sa wa suna sassabin zamani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya samu hatsi. Da rabon ya ƙare, aka sare yawancin itatuwan. Amma wasu manoma suka bar nasu, maƙwabta suka ga iska ba ta binne musu shuka, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga gero yana kyau a ƙarƙashin gawo. Daga gona zuwa gona abin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta ya kai eka miliyan 5 na ma'aunin hekta a kudancin Nijar. Abin da hatsi ya saya bai wuce kwanakin hatsin ba, wanda ido ya gani a gonar maƙwabci shi ya zauna. Kuma Rinaudo bai zo da itatuwan daga ƙasarsu ba, ya tarar da saiwarsu a nan. Haka nake ganin Allah yana riga mai wa'azi isa zuciyar kowane mutum, don haka ya kamata a shiga da ladabi.

Wannan ba ya nufin Kirista ya daina taimako don gudun zargi. Asibitin Galmi, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, tun 1950 yake karɓar marasa lafiya, yawancinsu Musulmi ne, kuma da addininsu suke komawa gida. Wanda ya dubi haka ya ce aikin bai yi riba ba, ya sake karanta babi na 17 na Luka. Kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, ba a kuma karɓe lafiyar sauran tara ba. A shekarar 2011 Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Fadar Paparoma mai kula da tattaunawa tsakanin addinai, da Ƙawancen Ƴan Bishara na Duniya, suka fitar da takarda ɗaya a kan yadda Kirista zai yi shaida a duniya mai addinai da yawa. A ciki sun yi tir da yaudara, da tilas, da amfani da talaucin mutane ko ba su abin hannu don su sauya addini. Ba kasafai waɗannan ɓangarori uku suke sa hannu a abu ɗaya ba, amma a kan wannan sun yarda.

Zawan da alkama

Misalin da ya fi taɓa zaman tare shi ne wanda Matiyu kaɗai ya kawo. Mai gona ya shuka alkama, magabcinsa ya zo da dare ya yafa wata ciyawa da Larabawa ke kira zawan. Ba tatsuniya ba ce, abin yana faruwa, har dokar Rum ta ba mai gona damar kai ƙarar wanda ya yi masa haka. Zawan tana kama da alkama sosai kafin su fitar da kai, ƙwayarta kuma in ta shiga gari tana sa jiri. Da barori suka gane, suka zo da himma suna neman izinin cirewa. Mai gona ya hana, don kada garin cire ciyawa a tuge alkama. A bar su tare har girbi. Da Yesu ya bayyana misalin ga almajiransa, ya ce gonar duniya ce, girbin ƙarshen zamani ne, masu girbin kuma mala'iku ne. Ba a ba barorin wannan aiki ba ko kaɗan.

Duk wanda ya yi noman gero ya san shibra. Tana fitowa cikin gero, lokacin cira ba kowane ido ke raba su ba, sai sun yi kai ake gane ta. Kuma ita wannan shibra da ake raina, da yake tana riga gero nuna, ita ce ke raba wasu gidaje da yunwa kafin kaka. In a kan tsiron gona idonmu yana kuskure haka, ina ga zuciyar ɗan Adam? Shawulu yana tsare da tufafin masu jifan Istifanas, duk wanda ya gan shi ranar nan zai rantse zawan ne, shi ne kuma ya zama Bulus. Yahuza kuwa yana cikin sha biyun, har jakar kuɗi ke hannunsa.

Tarihin Kiristanci yana da shafukan da aka ƙi jin maganar mai gona. Sarki Sharlaman na Farankawa ya shafe shekaru sama da 30, daga 772 zuwa 804, yana yaƙi da Saksawa a ƙasar da yanzu take cikin Jamus, har ya kafa dokar kisa a kan wanda ya ƙi baftisma. Wani malamin fadarsa, Alkuwin, ya rubuta a 796 yana gargaɗi cewa bangaskiya abu ce ta yardar rai, ana iya tura mutum cikin ruwan baftisma amma ba a iya tura shi ya gaskata. Mu da muke ƴan tsiraru ba mu da takobin Sharlaman, amma zuciyar barorin nan tana iya zama a cikin marar ƙarfi ma. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, zanga-zanga ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u da dama, aka rasa rayuka. A irin wannan lokaci rai yakan yi saurin raba mutane gida biyu, mu alkama, su ciyawa. Amma a cikin unguwannin nan ne aka samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, da malaman da suka fito suka yi kira a daina. Wanda ya yi wa kowa kuɗin goro a ranar, ya zalunci waɗanda suka tsare masa rai.

Ƙwayar mastad da yisti

Annabawa sun saba kwatanta mulki da babban itace. Ezekiyel, babi na 17, ya yi maganar itacen al'ul a kan dutse mai tsawo, tsuntsaye suna sheƙa a rassansa. Daniyel, babi na 4, ya kwatanta Nebukadnezzar da itacen da ya kai sama. Yesu ya ɗauki tsuntsayen nan ya ɗora su a kan mastad, tsiron lambu da tsawonsa ba ya wuce mita biyu ko uku, wanda ƙwayarsa ake buga misali da ita wajen ƙanƙanta. Sai kuma macen da ta ɗauki yisti, wanda a zamanin ɗan guntun ƙullun jiya ne da ya yi tsami, ta cusa shi cikin mudu uku na gari. Mudun nan nasu manya ne, ukun sun haura kilo 20, gurasar da za ta ishi mutum ɗari. Daidai wannan awo ne Ibrahim ya ce wa Saratu ta kwaɓa ranar da baƙi uku suka sauka a wurinsa.

Ga ikkilisiyar da take ƴar ƙarama, a nan akwai ta'aziyya, akwai kuma gargaɗi. Ta'aziyyar ita ce ƙanƙanta ba alamar Allah ya yashe ka ba ce. Gargaɗin kuma shi ne kada mu yi ƙyashin girman wasu, mu riƙa auna kanmu da faɗin gini da ƙarfin lasifika. Duk wadda ta taɓa jiƙa ƙullun masa ta san ba a jin ƙarar tashinsa, da dare ake rufe shi, da safe a tarar ya cika roba. Yisti kuma in ya zauna a kwanonsa shi kaɗai ba ya amfanar kowa, sai ya shiga cikin garin har a kasa nuna inda yake. Malamar makarantar da ba ta karɓar na goro don ƙara maki, ma'aikacin jinyar da ke duba talaka kamar yadda yake duba mai kuɗi, ɗan kasuwar da tiyarsa ɗaya ce ta saye da ta sayarwa, waɗannan suna cikin gari. Inuwar mastad ɗin ma tsuntsaye ne suka amfana da ita, ba su kuma ne suka shuka ba.

Abin da mai gardama zai ce

Wani zai ce wannan duk hanyar lalaci ce, an lulluɓe tsoro da rigar haƙuri. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai masu fakewa da cewa halinsu ya isa shaida, alhali kunya ce ke hana su buɗe baki. Amma a cikin babin nan na Markus, tsakanin misalin mai shuka da na irin da ke tsiro da kansa, akwai misalin fitila, wadda ba a kunna ta don a kife ta da masaki. Manomin da ya kwanta barci sai da ya fita ya shuka tukuna. Bitrus, a wasiƙarsa ta fari, babi na 3, ya ce mai bi ya zauna da shirin amsa wa duk wanda ya tambaye shi dalilin begensa, ya kuma haɗa da sharaɗin tawali'u da girmamawa. Saboda haka in aka tambaye ni, zan faɗa a fili, ba zan rage ba don a so ni. In hira ta kawo mu wurin, ba zan kauce ba. Misalin dukiyar da aka binne a gona ya nuna daga inda maganar ya kamata ta fito: don murna mutumin ya sayar da duk abin da yake da shi. Mai magana don murna da mai magana don cika rahoto, ko yaro yana jin bambancin muryarsu.

Wani kuma, wataƙila maƙwabcin nan nawa, zai ce: wato ni ne hanya, ni ne dutse, ni ne ƙaya, kai ne ƙasa mai kyau? Ba haka misalin ya ce ba. Da Yesu ya fassara ƙayar, damuwar duniya ya ambata, da ruɗin dukiya, da kwaɗayin abubuwa, kuma mutanen da suka riga suka ji maganar yake nufi. Waɗannan ƙayoyi sun fi tsiro a kan bencin majami'a. An ba ni misalin ne don in duba tawa gonar, ba a ba ni shi don in zagaya unguwa ina auna ta mutane ba. Ko a gona ma ƙasa ba ta dawwama yadda take. Manoman Illela a jihar Tawa sun haƙa tassa a kan faƙon da kowa ya fid da rai da shi, suka zuba taki, ya ba da gero. Hanya ma da can gona ce, sawu ne ya taurara ta, kuma sau da yawa sawun masu addini ne da suka taka mutum da girman kai ko da ha'inci. Kafin in ce zuciyar wani ta yi tauri, sai in tambaya ko ƙafata na cikin waɗanda suka bi ta kanta.

Akwai kuma abin da adalci ya ɗora mini. Maƙwabcina ma yana ganin yana da abin da zai ba ni, yana kirana zuwa ga nasa don yana so na da alheri a yadda ya fahimta. Yesu ya koyar a yi wa mutane abin da ake so su yi maka. In ina so ya saurare ni ba tare da fushi ba, dole in saurare shi haka. In ba na so ya yi wa addinina ƙarya, kada in yi wa nasa. In ina so ƴancin in ce masa a'a mu ci gaba da gaisawa, shi ma yana da wannan ƴanci a kaina. Abotar da za ta mutu ranar da aka tabbata mutum ba zai sauya addini ba, tun farko dabara ce, kuma mutane suna ganewa.

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, abin da ya rage a hannunmu ba shi da yawa, amma ya ishe mu aiki har ƙarshen rai. Mu tabbata irin da ke jakarmu na ƙwarai ne, wato abin da muke faɗa gaskiya ne kuma muna rayuwa a kansa. Mu yafa shi a fili, da rana, ba ƙugiya a ciki. Mu yi alheri ga wanda ya karɓa da wanda ya ƙi, tunda alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu bar lauje a inda yake har Mai gona ya kira masu girbinsa. Allah ya ba mu bakin faɗar gaskiya da haƙurin manomi, ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.